Hannun Fartanya a Gindin Raga

Ranar Asabar da ta wuce, a filin simintin da nake koyar da tanis a gefen Ungogo, wani yarona Mubarak ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalli wani Bature. Baturen ya taso gaban raga, aka ɗirko masa ƙwallo da ƙarfin tsiya, shi kuwa ya ɗan sa mata raket tun kafin ta taɓa ƙasa. Ta tsallake ragar, ta faɗi, ta yi ɗan tsalle, ta juyo baya kamar ta manta wani abu a gida. Mubarak ya ce, "Baba Ya'u, wannan ai ba komai, taɓawa ce kawai. Ka nuna mana sau ɗaya, shi ke nan." Sauran suka ce haka ne. Na mayar masa da wayarsa kawai, don in na fara magana a fili magariba za ta same mu a tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta muku. Ku kuna ce wa bugun nan dirof. Wanda ya koya mini, Malam Tanimu, ajiya yake ce masa, kuma saura kaɗan rashin iya shi ya raba ni da wannan sana'a tun ban kama ta ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Zakirai, irin ƙauyukan da gona take manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya yi maka sannu daga tasa. A bayan ƙauyen akwai makarantar kwana ta maza, a cikinta akwai filin tanis guda ɗaya da malamai baƙi, 'yan Indiya da 'yan Gana, suka matsa aka yi. Yau in kun je ajujuwa za ku tarar a wurin. Malam Tanimu ne yake kula da filin, shi yake koyar da ɗalibai, shi yake yi wa manya abokin wasa. Mutumin Rimin Gado ne, gajere, siriri, mai ƙarancin magana. Tun yana yaro ya yi tsintar ƙwallo a wani kulob na Turawa a cikin Kano, a can ya koyi wasan da ido kafin a bar shi ya taɓa raket. Na je wurinsa ne wani rani bayan mun kai amfani gida, ina saurayi. Ba son tanis ne ya kai ni ba, an dai ce ana neman mai ƙarfin ɗaukar ruwa, kuma ana ba da abinci daga kicin ɗin makaranta.

Ruwa kuwa na ɗauke shi. Ku da kuka tashi a kan siminti ba ku san fili yana jin ƙishirwa ba. Namu na ƙasar suri ne. Jakuna muke korawa bayan gari mu fasa tsohon suri, mu ɗebo a mangala, mu daka, mu tankaɗe, mu shimfiɗa, mu yayyafa ruwan makuba yadda ake yi wa daɓen ɗaki, sannan mu bi shi da madaɓi. Bayan haka sai rola, wani tsohon durom da aka cika da siminti, wanda nake ja da igiya a ƙirji daga wannan kai zuwa wancan. Kullum da sassafe sai an ba filin ruwa daga rijiyar makaranta, kuma ba kwarara ake yi ba, da hannu ake watsawa. In ya yi yawa takalmi ya kwashe ƙasar, in ya yi kaɗan ta tsage. Layi da farar ƙasa muke ja, a ɗaure igiya a ƙusa biyu a bi ta da tsumma. In na gama, Malam yakan cire takalmi ya zagaya filin da tafin ƙafa. Duk inda ya tsaya ya ɗan murza ƙafa na san akwai rami, sai in tafi ɗauko madaɓi ba sai ya yi magana ba.

Ɗaurin raket shi ne aiki na biyu da aka yarda in sa wa hannu. Raket na lokacin na katako ne, mai nauyi, mai ƙaramin kai, kuma in damina ta shigo ba ka matse shi a cikin katakonsa mai kusoshi ba, sai ka wayi gari ya karkace. Babu inji. Basilla muke da ita, da guntun ƙotar fartanya da muke naɗe igiyar a jiki mu ja, sai a soka basillar a rami ta riƙe kafin a wuce rami na gaba. Igiya daga Kano take zuwa, in ta ga damar zuwa, don haka wadda ta tsinke ba a yar da ita, faci ake yi mata. Yanzu yaro igiya ɗaya ta tsinke sai ya jefa raket a jaka ya zaro wani, yana hararata kamar ni na tsinke ta. Mu ƙwallo ma sai gashinta ya ƙare ta koma sanƙo kafin a bar wa 'yan aji ɗaya.

Masu wasa bayan la'asar suke zuwa, kuma wallahi ina kewar wannan lokaci. Inuwar darbejiya ta sauko kan filin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi, manoma masu dawowa daga gona su tsaya a bayan shingen waya da fartanya a kafaɗa suna kallon manyan mutane da gajeren wando suna bin 'yar ƙwallo. Akwai malaman makaranta, akwai malamin gona, amma wanda ba ya fashi shi ne likitan asibitin karkara da ke kusa da mu. Ƙaton mutum ne mai fara'a, yana dukan ƙwallo kamar ta yi masa laifi, sai dai ba ya son gudu. Can bayan layin ƙarshe yake kafa ƙafa yana ta ɗirka. Malam yakan bar shi ya ji daɗi, yana mayar masa daidai hannunsa, sai can ya sulale gaban raga, Likita ya ɗirko, Malam ya ajiye masa ita a gindin raga. Likita ya taso da tumbi yana haki, kafin ya yi rabi ta kwanta.

"Malam Tanimu, ka ji tsoron Allah! Wannan ai ba wasa ba ne, sata ce."

"Likita, kai ka ce mana gudu magani ne."

Sau ɗaya yake yi masa a yini, ba ya ƙarawa, don kada mutum ya yi fushi ya daina zuwa.

Da na yi 'yan shekaru ina ruwa da rola, Malam ya ba ni wani tsohon raket mai faci ya fara koya mini. Duka ban sha wahalarsa ba. Hannun da ya tashi da fartanya ba ya rasa ƙarfi, kafin wani lokaci ina dukan da ɗalibai suke kaucewa, har na fara jin kaina. Malam ya ce wannan ba shi ne aikin ba.

"Ya'u, duka kowa ya iya," in ji shi. "Mu aikinmu a bugo mana da ƙarfi mu mayar da sauƙi, a bugo mana a karkace mu mayar daidai hannun yaro. Wanda bai iya kashe wa ƙwallo ƙarfi ba, ɗalibai zai kora."

Yana da wata al'ada da ya ce haka aka yi masa a Kano. Ba ya barin almajirinsa ya tsaya shi kaɗai a gaban ɗalibi ko baƙo sai ya ci jarrabawar hula. Zai cire hularsa ya ajiye ta a ƙasa, ɗan nesa kaɗan da raga, a ɗaya ɓangaren. Sai a bugo maka da ƙarfi daga can baya, kai kana gaban raga. Dole ƙwallon ta faɗi tsakanin raga da hula, ta gama tsallenta ta kwanta ba ta wuce hular ba. Wanda ya iya wannan ya zama mai koyarwa, wanda bai iya ba mai ɗaukar ruwa ne ko ya yi furfura.

Na yi ta gwadawa, abu ya ƙi. Tawa ƙwallon ko ta tashi sama ta faɗi tsakiyar fili inda ko tsohuwa za ta cim mata, ko ta nutse a raga. Laifin ba na idona ba ne, na hannuna ne. Mu 'ya'yan manoma abu biyu hannunmu ya sani. In fartanya ta ci karo da ƙasa mai tauri, ƙara damƙe ƙota muke yi. In muna son abu ya yanku, daga sama muke saro shi. To haka nake yi wa ƙwallo. Da na ga ta taho da ƙarfi sai yatsuna su kulle da kansu, kuma don an ce mini sai ta juya baya-baya, sai in sare ta kamar ina saran ciyawa. Abin haushin, duk rani hannun yakan fara sakewa, sai damina ta faɗi, makaranta ta tafi hutu, in koma gona tare da Baba. In na dawo, tafin hannuna ya yi kanta, komai ya koma farko. Malam yakan kama hannun ya juya shi ya ce, "An dawo mana da fartanya," ya saki. Daga nan duk ajiyar da na ɓata, kalma ɗaya yake faɗa, fartanya.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka da wuri muka yi shuka, ya ɗauke ta ƙone, muka sake, ya sake ɗaukewa. Geron da ya kai kaka kansa bai cika ba, abin da muka kai gida bai rufe gindin rumbu ba. Rijiyar makaranta ta ja baya, aka hana mu ɗiba. Malam ya roƙi masu dafa abinci suka riƙa tara mana ruwan wanke-wanke, da shi nake shayar da filin, har ya zama in ka sunkuya ɗaukar ƙwallo ƙamshin miyar kuka kake ji. Malamai baƙi suka fara tattara kaya ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan hali Malam ya ce idonsa yana damunsa, yanar ido ta fara rufe shi, in an rufe makaranta zai koma Rimin Gado wurin 'ya'yansa. Shugaban makaranta ya ce to, in Malam ya kawo masa magajin da ya yarda da shi, za a ɗauke shi aiki. In babu, a sa garma a filin a shuka wa ɗalibai wake. Kowa ya san ba wani magaji sai ni, kuma kowa ya san ban ci jarrabawar hula ba.

A gida ma an yanke mini hukunci. Wata rana bayan sallar magariba Baba ya kira ni zaure.

"Ya'u, mata suna layi a rijiya da tulu, kai kana shayar da ƙasar da ba ta tsirar da ko ciyawa. Ka san abin da ake faɗa a kaina?"

Na ce ruwan wanke-wanke ne, Baba.

"Ko na wankan gawa ne. 'Ya'yan kawunka za su tafi cirani Kudu da zarar an rufe makarantu. Da kai za a tafi, sai in an ba ka filin nan ya zama aikinka na kanka. Na gama magana."

Washegari na kai wa Malam kuka, ina tsammanin zai sassauta, tunda ya san halin da ake ciki. Na ce ya faɗa wa shugaba na iya, sauran na ƙarasa koyo daga baya. Ya ce shi bai taɓa shaidar zur ba, ba zai fara da tsufansa ba. Sannan ya ce, "Innarka tana da rai ko?" Na ce tana nan. Ya ce, "To ajiye raket ɗin nan. Je ka ce ta koya maka bakace. Kada ka dawo sai ta sallame ka." Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ku yaran birni wataƙila ba ku san bakace ba, tunda gari a leda kuke saye. In an surfa gero a turmi, sai mace ta zuba shi a faifai tana ɗan cilla shi sama tana tarewa, dusa ta ware gefe, tsaba ta ware gefe. Aikin mata ne tsantsa. A ƙauyenmu ba a taɓa ganin namiji mai gemu da faifai a hannu ba.

Na sami Inna a gindin turmi da ƙannena mata. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Inna, Malam ya ce ki koya min bakace."

Ƙannena suka tuntsire da dariya. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai wannan, a makarantar taku mata ne suka ƙare?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ba na jin ta gane mene ne raga, amma ta gane cewa in ban iya ba Kudu za a kai ni, kuma ba ta son tafiyar. Ta ce hatsi dai bana ba na wasa ba ne. Ta ɗauko wani tsohon faifai, ta ɗebo yashi ta haɗa da tsakuwa ta zuba, ta ce in raba mata su. Cillawar farko yashin ya cika mini ido, tsakuwar ta faɗa cikin randa.

"Dukansa kake yi," in ji ta. "Ba a dukan hatsi. In ya taso daga sama kai za ka bi shi ƙasa, ka ba shi wuri, ka zame faifan ta ƙarƙashinsa. Kuma wannan riƙon na mene ne? Guduwa zai yi? Ka riƙe yadda in na fizga zai fita."

Haka kuwa ta riƙa yi. Ina cikin bakace sai ta zo wucewa ta fizgi faifan ba zato. In ya fita, ta mayar mini ta wuce. In bai fita ba, in ji muciya a bayan hannu. Na sha muciya har na daina jin zafinta. Labari kuwa ya zagaye gari. Yara suna leƙowa ta danga, samari a dandali suka sa mini suna Amarya, in na zo wucewa a ce, "Amarya, an gama surfe?" Na ji kunya ƙwarai, har akwai ranar da na zagaya ta cikin gonaki don kada in bi ta dandali. Baba kuwa in ya shigo gida ya tarar da ni da faifai sai ya kau da kai ya wuce turaka.

A hankali tsakuwa ta fara taruwa gefe ɗaya, yashi gefe ɗaya. Na ce wa Inna ai na iya, ta sallame ni. Ta ce yashi ba ya koya wa kowa komai. Ranar nan da yamma ta gama surfe, ta juye geron a faifanta mai kyau, ta miƙo mini. Da na zauna a kan tabarma sai ta ce in tashi, ta naɗe tabarmar ta jingine. Ƙasa ce zalla a gabana, ga kaji suna zagayawa.

"Inna, ki bar tabarmar, ko da zai zube."

"In da tabarma ba za ka tausaya masa ba. Wannan shi ne tuwon gidan nan na yau, babu wani. Abin da ya zube daga bakin ƙannenka ya zube."

Ƙannen nawa suna zaune suna kallona, babu mai dariya. Na daɗe da faifan a hannu ban motsa ba. Da na cilla, kaɗan na cilla, kuma da geron ya taho ƙasa ban san lokacin da hannuna ya bi shi ba. Na ji nauyinsa ya sauka a yatsuna, faifan ya ɗan zame gaba ta ƙarƙashinsa, ya kwanta wuri ɗaya. Na sake, na sake. Ban ce ko ƙwaya ba ta faɗi ba, 'yan ƙwayoyi sun faɗi, autarmu ta riga kaji tsince su. Da na gama Inna ta sa hannu ta motsa geron, ta hura, ta juye a ƙwarya. Ta ce, "Gobe ka koma wurin malamin naka."

To ga abin da hannuna ya koma da shi, kuma shi nake so ku ji. Ka riƙe ƙotar raket irin riƙon adda, ka taso gaban raga kamar mai shirin duka, don in abokin wasa ya gane nufinka tun daga nesa ka ɓata. Ka durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya da baya. Kada ka kai raket baya, ka tare ƙwallon a gabanka, fuskar raket tana ɗan kallon sama. Daidai lokacin da ta taɓa igiya ka saki yatsunka, ka bar ta ta ture raket ɗin kaɗan, kai kuma ka zame shi ta ƙarƙashinta. Wannan zamewar ce take sa ta juya baya-baya, ba sara ba. Kada ka yi ta a kan ƙwallon da ta taho sama da kai, wannan ta duka ce. Kada ka yi ta in mutum yana kusa, sai ka kora shi can baya tukuna. Faɗarsa ke nan, bai fi numfashi biyu ba. Amma jikinka zai ƙi, domin duk abin da ya taho wa mutum da ƙarfi damƙewa yake yi, kuma raba hannu da wannan hali shi ne aikin shekaru.

Na koma fili ana saura 'yan kwanaki a rufe makaranta. Malam ya daina wasa a lokacin, a kan benci yake zama kusa da sandar raga, ni da ɗalibai muna yi yana gyara mana daga zaune. Ranar jarrabawa ya roƙi Likita ya zama mai bugowa, ya ce masa kada ya ji tausayina. Likita ya ce dama yana da bashin gudu da zai rama a kan wani. Malam ya cire hula ya ba wani ɗalibi ya ajiye a wurinta, ya koma ya zauna da tsuran kai. Manoma sun taru a bayan waya fiye da kullum, don an ji yau za a san ko Amarya za ta tare ko za a kai ta Kudu. Can ƙarshensu na hango Baba, ya juya gefe kamar wucewa yake yi.

Likita ya ɗirko ta farko. Tsoro ya kulle mini hannu, ta tashi ta wuce hula da nisa.

"Fartanya," in ji Malam.

Ta biyu ma haka, tun kafin ta faɗi ya ce fartanya. Gumi ya jiƙa mini ƙota. Na goge hannu a wando, na buɗe yatsuna na sake riƙewa sako-sako, yadda ko yaro zai iya fizgewa. Likita ya ja baya ya ɗirko ta uku da dukkan ƙarfinsa, daidai tsayin cibiyata, ta ɓangaren dama. Na durƙusa, na ba ta wuri, na zame. Ta haye ragar da kyar, ta faɗi, ta yi ɗan tsalle, ta juyo ta kwanta kusa da gindin raga, hular tana can gabanta. Likita ko motsi bai yi ba, ya sauke raket yana kallonta. Ni ma ina kallonta. Kowa yana jiran Malam.

Malam ya ce, "Likita, bugo masa mana. Me kake jira?"

Likita ya dube ni, na dube shi.

"Na bugo, Malam. Ya ajiye ta."

A nan na gane. Fuskarsa tana kallon filin, amma ba ya ganin ƙwallon, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Duk fartanyar da yake ta faɗa mini da kunne yake kama ta, ƙarar igiya yake ji in hannu ya damƙe. Wannan karon bai ji komai ba.

Ya ce a sake. Likita ya bugo, na ajiye. Ya ce a sake ta hagu, na ajiye. Yana zaune ya karkata kai yana saurare, har ya gaji da jiran ƙarar da ba ta zo ba. Sannan ya miƙe ya ce, "Ya'u, ɗauko min hulata, ka kai ni ofishin shugaba." Da na ji haka na san motar Kudu za ta tashi ba da ni ba. Na waiwaya bayan waya, Baba ya riga ya kama hanyar gida.

Na karkaɗe hular na miƙa masa, ya sa, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Muka kama hanyar ofis a hankali ta ƙarƙashin darbejiya. Da muka yi nisa da mutane sai ya rage murya.

"Faɗa min yadda ta faɗi."

Na faɗa masa yadda ta haye ragar, da inda ta sauka, da ɗan tsallen da ta yi, da yadda ta juyo. Yana ta gyaɗa kai. Muka iso ƙofar ofis, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai ya riƙe ni.

"Dakata tukuna," in ji shi. "Sake faɗa min. Kada ka yi sauri."